Darasi na 14: Karen Kiwo ko Karen Jan Kaya?

Wanda ya shiga kara neman sa, tambayar farko da dillali zai yi masa ita ce: "Alhaji, na huɗa kake so ko na yanka?" Fari ne ko ja, wannan zancen baya ne. Kowa a ajin nan ya san haka game da shanu, amma da an zo kan kare sai ilimin ya gudu. A 'yan shekarun nan samari a Abuja da Kano da Kaduna sun shiga sayen karnukan ƙasashen waje, kuma yawancinsu hoto suka gani a waya: ido shuɗi, gashi kamar auduga, fuska irin ta kerkeci. Sai an kawo ɗan kwikwiyo gida ya fara girma ake gane cewa shi ma kare, kamar sa, akwai aikin da aka yi shi dominsa.

Iri biyu za mu duba a wannan darasi. Na farko karen kiwon tumaki ne na ƙasar Birtaniya, wanda masu sayarwa suke rubuta sunansa Border Collie. Mu za mu riƙa ce masa Kolli. Na biyu karen jan kaya ne daga yankin Siberiya na ƙasar Rasha, ana rubuta sunansa Siberian Husky, mu kuma mu ce Haski. Girmansu bai yi nisa da juna ba. Kolli yakan kai kilo 14 zuwa 20, Haski kuma kilo 16 zuwa 27. Dukansu sukan rayu shekara 12 zuwa 15 idan sun sami kulawa, kuma dukansu ba su san gajiya ba. Hanya mafi sauƙi ta rarrabe halinsu ita ce a duba inda kowannensu yake sa ido a lokacin aiki. Kolli ido da kunnensa suna kan ubangidansa. Haski kuwa ubangidansa yana bayansa, gaba kawai yake kallo.

Mai jiran umarni

A kan iyakar Ingila da Sikotilan akwai tuddai masu faɗi da ciyawa, inda ake sakin tumaki su watsu su yi watanni suna kiwo ba mai tsaye a kansu. Ranar da za a tattaro su don aski ko magani, mutum ɗaya da ƙafa biyu ba zai iya ba. Wannan buƙata ce ta haifi Kolli.

Ga yadda aikin yake. Makiyayi yana tsaye a gindin tudu da sandarsa. Ya yi fito sau ɗaya. Karen ya zabura, amma ba ya nufar tumakin kai tsaye, don da ya yi haka da sun tarwatse. Sai ya yi zagaye mai faɗi, ya ɓullo ta bayansu. Da ya iso sai ya rage gudu, ya sunkuyar da kai, ƙirjinsa kusan yana taɓa ƙasa, ya kafe tumakin da ido. Ba haushi, ba cizo. Tumakin su dunƙule wuri ɗaya su fara gangarowa wajen makiyayi. Wani fito daban yana nufin zagaya ta dama, wani ta hagu, wani kwanta, wani matso a hankali. Ƙwararren kare yakan bi waɗannan umarni daga nisan da da ƙyar ake hango shi.

Me ya sa tumaki suke tsoron wannan kallo? Masana halin dabbobi sun lura cewa farautar kerkeci tana da matakai a jere: ya hango, ya kafa ido, ya yi sanɗa, ya bi da gudu, ya cafke, ya kashe. Makiyayan Birtaniya sun yi ta zaɓen karnukan da matakan farko suka yi ƙarfi a jikinsu, na ƙarshe kuma suka yi rauni, suna haɗa su barbara, har aka sami kare mai sanɗa da kora wanda ba ya ƙarasawa. Wato Kolli mafarauci ne da aka tsayar a rabin hanya.

A Birtaniya, an fara gasar karnukan kiwo a garin Bala na yankin Wales a 1873. A 1893 aka haifi wani kare mai suna Old Hemp a hannun wani makiyayi, Adam Telfer, a yankin Northumberland. Ya yi suna da aiki cikin natsuwa, ba hayaniya, makiyaya suka yi ta kawo masa karyoyinsu, kuma yawancin Kolli na yau daga tsatsonsa suka fito. Ƙungiyar da take rajistar waɗannan karnuka, wadda aka kafa a 1906, aiki take dubawa fiye da kyan jiki.

Game da kaifin ƙwaƙwalwarsa, misali ɗaya ya isa. A Amurka wani farfesa mai ritaya, John Pilley, ya koya wa karyarsa Chaser sunayen kayan wasa 1,022. A ambaci suna, ta shiga cikin tsibin kayan ta ɗauko wanda aka ce. Amma ku riƙe wannan: awa huɗu zuwa biyar yake yi da ita a rana, har tsawon shekara uku. Masu sha'awar wayon Kolli sukan manta da wannan ɓangare na labarin.

To, a ɗauki irin wannan kare a ajiye a tsakar gida, ba tumaki, ba aiki. Hali zanen dutse. Zai nemi abin kiwo da kansa. Zai tattara kaji a lungu ya tsare su da ido tun hantsi har azahar. Yara suna guje-guje, zai zagaye su yana ɗan cizon dugadugansu, iyaye su ɗauka mugunta ce alhali shi a ganinsa garke ne ya watse. Idan aka bar ƙofa a buɗe, babur da adaidaita sahu zai bi, kuma a nan da yawa suke gamuwa da ajalinsu. Wanda aka kulle gaba ɗaya yakan koma bin inuwa ko zagaya wuri ɗaya kamar mai taɓin hankali. Gudu kaɗai ba ya isar Kolli. Sai an ba ƙwaƙwalwarsa abin yi kowace rana.

Wanda ya ba ka baya

A ƙuryar arewa maso gabashin Siberiya akwai mutanen da ake kira Chukchi. Ƙasarsu dusar ƙanƙara ce ta rufe ta yawancin shekara, kuma abincinsu yana da nisa, a bakin teku. Abin hawansu wani irin amalanke ne marar taya, mai ƙafafu biyu dogaye masu santsi da suke zamewa a kan ƙanƙara. Karnuka ake ɗaura wa a jere su ja. Abin da suka nema a kare shi ne ya ja kaya marasa nauyi sosai zuwa wuri mai nisa, cikin tsananin sanyi, da ɗan abinci kaɗan, kuma ya zauna lafiya da 'yan uwansa a igiya ɗaya. Wajen 1908 aka fara tsallakar da waɗannan karnuka, kakannin Haski, zuwa garin Nome na Alaska don tsere.

Abin da ya fitar da sunansu duniya ya faru a watan Janairu na 1925. Cutar mashaƙo, wadda mu ma muka ga ɓarnarta a Kano da maƙwabtanta a 2023, ta ɓulla a Nome. Likita ɗaya ne a garin, Dokta Curtis Welch, kuma maganin da ke hannunsa ya tsufa. Teku ya daskare, jirgin ruwa ba ya shiga. Jirgin ƙasa ya kawo magani har garin Nenana, daga nan kuma sauran tafiyar kilomita 1,085, kusan nisan Kano zuwa Legas, ba titi. Sai aka shirya karɓa-karɓa: matuƙa 20, karnuka wajen 150, kowa ya ɗauki akwatin maganin ya miƙa wa na gaba. Sanyi ya sauka ƙasa da sifili da fiye da digiri 40, ga iska, ga duhu, don a wannan lokaci na shekara rana ba ta daɗewa a can. An tashi ranar 27 ga Janairu, magani ya shiga Nome ranar 2 ga Fabrairu, kwana biyar da rabi.

Karen da ya ja gaba a zangon ƙarshe, Balto, shi ya kwashe yabo, har aka kafa masa mutum-mutumi a birnin New York a wannan shekarar. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Zango mafi haɗari wani ɗan asalin ƙasar Norwe ne, Leonhard Seppala, ya yi shi da karensa Togo mai shekara 12. Daga fitowarsu tarbar magani zuwa inda suka miƙa shi sun yi tafiyar wajen kilomita 420, har da yanke hanya ta kan daskararren teku da dare, ƙanƙara tana tsagewa.

A nan darasinmu yake. Matuƙin wannan amalanke ba shi da linzami. Yana tsaye a baya, murya kawai yake bayarwa: dama, hagu, tsaya. Idan guguwar dusar ƙanƙara ta taso, ko karen da ke gabansa ba ya gani. Karen ja-gaba ne yake jin hanya da hanci da tafin ƙafa. Idan matuƙi ya ce dama, kare kuma ya ji ƙanƙarar wajen ba ta da kauri, kare nagari shi ne wanda zai ƙi. Mai biyayya ido rufe zai kai kowa cikin ruwa. Saboda haka idan kun ji mai Haski yana kuka da taurin kan karensa, ku sani gado ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Haski yana jin kira sarai, sai dai yakan auna ko amsawar tana da riba.

Sauran halayensa ma daga aikin suka fito. An yi shi don gudu, don haka idan aka kwance shi a fili ba lallai ya dawo ba. Yana haƙa rami a ƙarƙashin katanga, yana haura gajeren shinge. Matakan farautar nan da aka datse wa Kolli, shi nasa suna nan cikakku, don haka gidan da ake kiwon kaji ko zomaye ko 'yan awaki ba gidansa ba ne. Ba ya yawan haushi, kuka yake yi mai tsawo irin na kerkeci, wanda maƙwabta ba za su gode maka a kansa ba da tsakar dare. Kuma ga abin da ya fi ba masu saye mamaki: duk da fuskarsa mai ban tsoro, Haski ba ya gadi. Son mutane gare shi. Ɓarawo ya dira, da kaɗa wutsiya zai tarbe shi.

Ba mu kaɗai kyansa ya ruɗa ba. Lokacin da ake nuna wani shahararren wasan talabijin mai suna Game of Thrones, mutane a Amurka da Birtaniya sun yi ta sayen Haski don ya yi kama da kerkecin cikin wasan, daga baya suka yi ta kai su gidajen ajiye dabbobin da aka yasar. A 2017 sai da ɗaya daga cikin 'yan wasan, Peter Dinklage, ya fito ya roƙi jama'a su daina.

Zancen zafi

Kare ba ya gumi kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Haki ne yake sanyaya masa jiki. Zafin jikinsa na yau da kullum yana tsakanin digiri 38 da 39, idan ya haura 41 ransa yana cikin haɗari. Shi kuwa Haski riga biyu yake sanye da ita: dogon gashi a sama, da wani lallausa mai kauri a ƙarƙashi. Kano da Sakkwato da Maiduguri kuwa a watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40.

Na taɓa zama maƙwabcin wani saurayi da ya sayi ɗaya. Wata rana da azahar, ana tsakiyar bazara, an ɗauke wuta, na ji yana buga mini ƙofa. "Malam, don Allah ko kana da ƙanƙara a firji?" Na bi shi. Karen yana kwance a banɗaki, ya shimfiɗa ciki a kan tayil, harshe a waje ya yi jawur, yawu yana zuba, haƙarƙarinsa yana sama da ƙasa kamar zugazugin maƙera. Na ce ya bar zancen ƙanƙara, muka yi ta kwara masa ruwan randa a ciki da hammata, ƙaninsa yana fifita da murfin kwali, har numfashin ya lafa aka kai shi wajen likitan dabbobi. Ya rayu. Daga ranar janareto bai ƙara hutawa ba a gidan, kuma saurayin da kansa ya gaya mini kuɗin man ya fi na abincin karen.

Kada a ce za a yi masa aski don ya sha iska. Gashin yana kare fatarsa daga rana, kuma idan aka aske ba lallai ya sake fitowa daidai ba. Taje shi ake yi, musamman lokacin da yake zubar da gashin ƙasa, sau biyu a shekara, ranar da za a share tsakar gida a cika kwando. Ku lura da tarkon: kare ne da dole ya yi gudu mai nisa kullum, a ƙasar da gudun rana zai iya kashe shi. Saura asuba da bayan magariba. Wanda yake Jos ko kan tsaunin Mambila yana da sauƙi a kan wanda yake Gusau.

Kolli ma ɗan ƙasar sanyi ne, kuma yana da nasa haɗarin, don idan yana aiki ba ya sanin ya tsaya. Sai dai a dangin karnukan kiwo akwai waɗanda aka samar domin ƙasa mai zafi, kamar Kelpie na Ostareliya mai gajeren gashi. A dangin masu ja babu irin wannan.

To, wanne?

Kafin amsa, a gyara wani kuskure. Kiwo daban, gadin garke daban. Kolli kora yake yi, ba zai tare kura ko ɓarawon shanu ba. Masu gadi wasu iri ne, manya, masu kwana cikin garke, kamar Kangal na Turkiyya. A nan kusa da mu, Buzaye a Nijar da Mali suna da nasu siririn kare mai dogayen ƙafafu, Azawak, wanda yake tsare zango yana kuma farauta, ga shi ɗan rana ne tun asali. Sannan makiyayinmu ba irin na Sikotilan ba ne. Yana tare da dabbobinsa wuni guda, sun san muryarsa, suna bin sa. Balami ko Uda da ba ta taɓa ganin kare yana mata sanɗa ba sai an yi haƙuri kafin ta saba.

Akwai kuma zancen addini, wanda yawancin masu karatun nan za su so a taɓa. Hadisai a Bukhari da Muslim sun yi izinin riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron shuka, sun kuma nuna ladan mutum yana raguwa idan ya riƙe shi ba don irin wannan buƙata ba. Malamai da dama sun haɗa da gadin gida ta hanyar ƙiyasi. Jan amalanke aiki ne na gaske a Alaska, inda har yau ake tseren Iditarod da aka fara a 1973. A Zariya kuwa babu ƙanƙarar da za a ja komai a kai.

Ra'ayina ba ɓoyayye ba ne. Mai gona da tumaki masu yawa a fili mai shinge, wanda kuma zai iya ware lokaci kullum don horo, karen kiwo zai yi masa aikin da sai ya ɗauki mutane, kuma gara ya nemi mai gajeren gashi. Ya je da kansa ya ga uwar kwikwiyon ko ubansa suna aiki, gani ya kori ji. Ya fara horo da wuri, don ba a kiwon kare ranar farauta. Mutumin birni mai fita tun safe sai dare, kowanne ya ɗauka cikin biyun ya ɗauko wa iyalinsa aiki. Haski kuwa ban ga wanda zan ba shawarar ya saya a ƙasa mai zafi ba, sai mai katanga doguwa, da ɗaki mai sanyi ko da wuta ko babu, da ƙafar fita gudu bayan sallar asuba, wanda kuma ba shi da kaza ko ɗaya. Mai neman gadi kawai, karen gida na unguwarsu ya fi su duka biyun haushi, ya fi su jure zafi da kaska, kuma sau da yawa kyauta ake bayar da shi.

Kowanne aka ɗauka, allurar rigakafin haukan kare wajibi ce, tun yana wata uku, a kuma riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya tsara. Wannan cuta tana kashe mutane wajen 59,000 a shekara a duniya, yawanci a Afirka da Asiya, kuma da alamunta sun bayyana babu magani. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar.

Tambayoyi da aikin gida

1. Me ya sa Kolli yake zagayawa ta bayan tumaki maimakon ya nufe su kai tsaye?

2. Wane mataki na farauta aka raunana a jikin Kolli, kuma me hakan yake nufi ga mai kaji da ya sayi Haski?

3. An yi tafiyar kilomita 1,085 a kwana biyar da rabi. Kilomita nawa ke nan a rana, a ƙiyasce?

4. Ku ba da labarin lokacin da ƙin bin umarni ya zama alheri, ko ga dabba ko ga mutum.

5. Ɗan yayanka da ke Sakkwato ya turo maka hoton Haski a waya, ya ce, "Kawu, wannan zan saya ya riƙa yi mana gadi." Rubuta masa amsa da ba ta wuce layi goma ba, ka kawo ta aji mako mai zuwa.